Shin Ƙwayar Bitamin Tana Kare Mata Daga Ciwon Dajin Hanji?

A shekarar 1998 masanan Jami'ar Harvard ta Amurka suka ba da sakamakon bincike kan nas-nas mata fiye da 88,000. Ciwon dajin babban hanji ya yi ƙaranci ƙwarai cikin waɗanda suka shekara 15 suna shan bitamin mai folet.

Amma ba kowace ƙwaya ke kariya ba. Gwajin da aka bayyana a 2006 kan mata 36,000 ya nuna bitamin D da kalsiyam ba su rage ciwon ba.

Folet kuwa akwai shi cikin wake, alayyafo da lalo, wanda Yarbawa ke kira ewedu. Matar da ta ga jini a bayan gida kada ta ɗauka basir ne kawai, ta hanzarta zuwa asibiti.