DAMO NAMU DA BABBAN WANSA NA KOMODO

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa nan Arewa ya san damo sarkin haƙuri. Amma daga Dogon Dutsi har Tibiri, tsofaffi suna cewa ba a ganinsa kamar da.

Can ƙasar Indunusiya, tsakiyar teku, akwai wani tsibiri, sunansa Komodo. Nan babban wan damo yake. Tsawonsa ya kan kai mita 3, nauyinsa kilo 70. Barewa yake ci, da aladen daji, har ɓauna. Bakinsa da dafi. A shekarar 1980 gwamnatin ƙasar ta mai da wurin gandun daji. Waɗanda sunka rage ciki ba su wuce 3.000 da kaɗan ba, kuma a 2021 masana sunka sa shi cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu.

Mai son ganinsa sai ya shiga jirgin ruwa daga garin Labuwan Bajo, ya biya kuɗin shiga. Ba a barin baƙo ya yi yawo shi kaɗai. Ma'aikacin gandun daji yana gaba, riƙe da doguwar sanda mai baki biyu, don tare dabbar in ta taso. Mutanen tsibirin masunta ne. Kakanninsu sun ce shi ɗan uwansu ne, ba su kashe shi, kamar kan gida a wurinmu. Ga shi yau baƙi na zuwa daga Turai da Amurka don kallonsa kawai.

Mu ma muna da namu. Gandun dajin W, bakin kogin Kwara, tun 1954 aka kafa shi. Can guza take girma har mita 2, tana ƙwai cikin suri.

Damon gonakinmu fa? Abincinsa fara ne, da ƙadandoniya, da kunama, wato maƙiyan manomi. Da rani sai ya shige rami ya yi kwance, ba ci, sai ruwa ya sauka. Lokacin nan ne yara ke gina raminsa da karnuka, wutar daji ta ƙarasa saura. Ni dai a ganina naman bai kai ɓarnar ba: macen da anka kashe da ciki, ƙwai fiye da 10 sunka tafi da ita.

Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta hana farauta ba da takarda ba. Mai neman bayani ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji na Dogon Dutsi ko na Tibiri.