Suyar Tsohuwar Gahawa a Gida

Ɗanyar gahawa ƙwaya ce mai tauri, kore-kore, wadda ƙamshinta ba ya fitowa sai ta sha wuta. Yawancin masu saye sabuwar kaka suke nema, amma akwai wadda ake bari ta tsufa da gangan, kuma suyarta tana da nata ƙa'idoji.

Asalin abin daga teku ne. Kafin a buɗe mashigin Suwez a 1869, jiragen da ke ɗauko gahawa daga Indiya da Jawa zuwa Turai sai sun zagaya ta kudancin Afirka, tafiyar wata da watanni. Iska mai laima takan ratsa buhuna, ƙwayar ta kumbura, ta koma ruwan ɗorawa, tsaminta ya kwanta. Turawa suka saba da ɗanɗanon, har bayan hanya ta gajarta ba su daina nemansa ba. Shi ya sa a gaɓar Malabar ta Indiya ake baza gahawa a buɗaɗɗun rumfuna cikin damina, daga Yuni zuwa Satumba, ana juya ta tana shan iska wata 3 zuwa 4. A Indunisiya kuwa a sito ake ajiye ta shekara 2 ko 3, wani lokaci fiye, har ta yi ruwan ƙasa.

Wannan ba ɗaya take da gahawar da aka manta a lungu ba. Waccan warin buhu take yi, kuma babu wutar da za ta gyara ta. Duk wadda ta yi fumfuna zubarwa ce.

Kayan aikin ba su da yawa: kasko mai kauri, cokalin katako da wuta matsakaiciya. Kaɗan ake zubawa, yadda ƙwaya ba za ta hau kan ƙwaya ba, kuma kamar a suyar gyaɗa, hannu ba ya hutawa. Sabuwar gahawa takan nuna matakanta a fili. Daga kore sai rawaya, sai ruwan ƙasa, sannan ta fara ƙas-ƙas a wajen digiri 196 na Salshiyas, fashewa ta farko ke nan. Fashewa ta biyu tana zuwa wajen digiri 224, mai ya soma tsattsafowa a jikinta.

Tsohuwa kuwa ruɗin ido gare ta, domin tun tana ɗanya launinta ya riga ya juya. Ta Malabar ta fi wuyar sha'ani. Ba ta da nauyi, wuta tana cinta da wuri, sai baya ya ƙone ciki bai nuna ba, kuma ƙararta ta farko takan yi ƙasa-ƙasa har ta wuce ba a ji ba. A nan hanci ya fi ido amfani: warin ɗanyar ciyawa yana gushewa, ƙamshi mai zaƙi ya taso, bayansa hayaƙi mai kaifi. Darajar wannan gahawa tana cikin kaurinta da rashin tsaminta, don haka ta fi daɗi idan aka kai ta bakin fashewa ta biyu aka sauke. Minti 10 zuwa 15 yakan isa.

Ana saukewa sai a juye a faifai a yi ta fifita, in ba haka ba zafin jikinta zai ci gaba da soya ta. A sheƙe ɓawon, a zuba a kwalba, a bar ta kwana 2 ko 3 iskar da ke cikinta ta fita. Iyakar wadda za a dafa a lokacin ake niƙawa.