Yaɓe Kafin Damina

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ba ranar da hadari ya haɗo ake kwaɓa ƙasar yaɓe ba. Tun da bazara mai gida ke zagaya gidansa, ya duba inda bango ya tsage, ya share indararo, ya sa a jiƙa makuba. Kuma ba kowane bango yake ba kulawa ɗaya ba. Bangon gabas ne a gaba, domin ta can iska ke koro ruwa, sai wanda ya zuba bara, domin shi ne zai fi saurin sake zuba.

Ciwon damuwa da ke kama mace bayan haihuwa shi ma an san lokacin zuwansa, an kuma san waɗanda ya fi bugawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 13 cikin 100 na masu jego a duniya na fama da larurar da ta shafi tunani, galibi damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kashi 20. Wannan daban yake da 'yar ƙwallar da yawancin mata ke zubarwa a kwanakin farko, lokacin da sinadaran ciki suka sauka bayan fitar mabiyiya, wadda takan wuce cikin mako biyu. Ciwon damuwa zama yake yi. Jariri na barci ita idonta biyu, abinci ba ya mata daɗi, tana ganin ta kasa a matsayin uwa, wani lokaci ta rungumi ɗan ta ji kamar na wata ne. Idan ta yi ƙarfin halin faɗa, sai a ce mata, "Ki yi haƙuri, ki gode wa Allah, wata nema take ba ta samu ba." Daga nan ta kama bakinta.

Su wa ne bangon gabas? Wadda ta taɓa yin ciwon damuwa, ko kafin ciki ko a haihuwar baya. Yarinya mai ƙarancin shekaru. Wadda ake duka ko muzgunawa a ɗakinta, wadda talauci ya sa a gaba, wadda cikin ya zo mata ba shiri, wadda ta sha wuyar naƙuda ko aka kwantar da jaririnta a asibiti. A 2019, kwamitin ƙwararru da ke ba Amurka shawara kan rigakafin cututtuka ya ce a riƙa tura irin waɗannan mata wajen masu ba da shawara tun suna da ciki, domin binciken da ya tattara ya nuna hakan na rage haɗarin kamuwa da kusan kashi 39 cikin 100. Ya kawo misalin shirye-shirye biyu, ROSE da Mothers and Babies, inda ake zama da masu ciki ana koya musu yadda za su gane tunanin da ke nauyaya zuciya, yadda za su nemi taimako, da yadda za su sasanta saɓani a gida. Sai dai masu koyarwar ba su da yawa, kuma mace mai tsohon ciki ba kullum take da kuɗin mota ko izinin fita ba.

Ta wannan ƙofa manhajar waya ta shigo. Tana kai darussan har bakin gado, kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake bin bango da ƙasa tafi bayan tafi. A Norway akwai shirin Mamma Mia, mai gajerun darussa 44 da ke farawa tun tsakiyar ciki har wata shida bayan haihuwa. Manhajoji da dama kuma na ɗauke da ma'aunin Edinburgh, tambayoyi 10 da aka wallafa a 1987, masu tambayar mace yadda ta ji a kwana bakwai da suka wuce. Amfanin wannan babba ne. Ranar awo ma'aikaciyar jinya na da layin mata a gabanta, hawan jini da kwanciyar ɗa take dubawa. Waya kuwa tana iya yin tambayar kowane mako, da tsakar dare, ba tare da uwar miji na saurare ba.

Amma ƙasar yaɓe ba ta hawa bango da kanta. Babbar matsalar waɗannan manhajoji ita ce mata da yawa na farawa da ɗoki, su watsar bayan 'yan makonni. Inda aka ga abin ya zauna, akwai mutum a bayansa. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa su riƙa zama da masu ciki da suka riga suka kamu. A sakamakon da aka buga a 2008, wata shida bayan haihuwa kashi 23 cikin 100 ne kawai ke da sauran ciwon, alhali a rukunin da ba a bi da su ta wannan shirin ba kashi 53 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki shirin, mai suna Thinking Healthy, a 2015. Da aka zo mayar da shi manhaja, sai aka ɗora ta a hannun iyaye mata na unguwa da aka horar, su shiga gida su zauna su buɗe tare da mai cikin. A ganina wannan ce hanyar da ta dace.

Mu ma muna da namu tsarin tun dā. Goyon ciki a gidan iyaye, tsohuwar da ke zuwa zaman jego, kwana arba'in da ake ɗauke wa mace girki da ɗiban ruwa, duk kariya ce. Yau kuwa amarya na haihuwa a gidan haya a Abuja ko Legas, uwarta na can Katsina ko Maraɗi, kuma daga ranar suna kowa ya watse. Irin wannan ce manhaja za ta fi yi wa amfani, in an gina ta da sanin halinmu: ta yi magana da murya cikin Hausa domin ba kowa ke karatun boko ba, ta yi aiki ko babu data, ta kuma kulle amsoshin, tun da sau da yawa wayar ta mai gida ce. Macen da damuwarta daga mijinta take ba za ta faɗi gaskiya a wayarsa ba.

Idan gara ta riga ta ci azara, yaɓe ba ya hana rufi faɗuwa, sai an kira magini. Tambaya ta goma a ma'aunin Edinburgh tana tambayar ko tunanin cutar da kai ya zo wa mace. Duk wanda zai sa wannan tambaya a manhaja, wajibi ne ya tanadi ma'aikacin lafiya da zai ga amsar ya kira a ranar. Akwai kuma larura mafi tsanani da ke samun mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, yawanci a makonni biyun farko: ta daina barci gaba ɗaya, ta rikice, ta riƙa jin muryoyi ko ganin abin da babu. Sau da yawa iska ake cewa. Wannan asibiti take buƙata a ranar, a kuma sa babba ya zauna da ita da jaririn har a isa, domin tana da magani kuma ana warkewa.