Dodannin Ptuj ba matsafa ba ne

Da zarar Fabrairu ya kama, sai bidiyoyin nan su sake yawo a TikTok da Facebook: ƙarti sanye da buzun tumaki tun daga kai har gwiwa, jan harshe na lilo a ƙirji, suna tsalle ƙararrawa na amo. Nan take masu sharhi su yanke hukunci, wai Turawa ma sun koma bautar aljanu. Ba wanda ya tsaya tambayar ina ne wurin.

Galibi Ptuj ne, tsohon gari a ƙasar Sulobeniya, dodannin kuwa ana kiransu Kurent. Aikinsu shi ne korar sanyi. A can hunturu kan binne gonaki da dusar ƙanƙara wata da watanni, don haka manoman da suka yi wannan al'ada suka ɗauki sanyi a matsayin baƙon da ya wuce wa'adi, sai an tayar masa da hankali zai tafi. Daga 2 ga Fabrairu har ranar da Kiristoci ke fara azuminsu na kwana arba'in, Kurent na bi gida-gida. Dangin wannan wasa sun bazu cikin al'ummomin Silab: Kukeri a Bulgeriya, Zvončari kusa da Rijeka a Kuroshiya, su kuma mutanen Folan su jefa mutum-mutumin ciyawa mai suna Marzanna a kogi. A taƙaice ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne labarin da ba ya shiga bidiyo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'adar ta kusa shuɗewa, ƙauyuka suna watsewa, matasa suna ganin abin ƙauyanci ne. Wani masanin al'adu, Drago Hasl, shi da abokansa suka ƙi yarda. A 1960 suka tara 'yan wasan ƙauyuka suka shigo da su tsakiyar Ptuj, daga nan bikin Kurentovanje ya samo asali.  Har yau akwai manyan ƙararrawa irin na shanu ɗaure a ƙugu, ga sandar da aka naɗe kanta da fatar bushiya mai ƙaya, ga hankicin da 'yan mata ke ba wa dodon da ya burge su, ya ɗaura a ƙugu yana taƙama. Da can sai gwauro ke sa kayan. Yanzu magidanta da mata da yara duk suna ciki. A 2017 UNESCO ta sanya zagayen Kurent cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

To mu da muke dariya fa? Tashe ma gida-gida yake bi, da shigar ban dariya, a cikin watan azumi. Amma a 'yan shekarun nan sau da yawa sanarwar dakatar da shi muke ji daga 'yan sanda a Kano, saboda 'yan daba sun fake da shi. Haba jama'a! Ɓarawo ya shiga kasuwa, sai a rufe kasuwar? Ma'aikatun al'adu na jihohinmu suna da kasafi da ofisoshi da motoci. A ware fili, a sa rana, a kira Nalako, sarkin gwauraye, da tawagarsa, a ba su masu tsaro.