Robar baki: gammon haƙora

Haƙorin babban mutum in ya fita ba ya sake tsirowa. Ga shi kuwa samarinmu suna dambe, suna boks, suna ƙwallo. Naushi guda ya isa ya karya haƙoran gaba na sama, domin su ne bugu ya fi samu. Shi ya sa dokar boks ta tilasta wa kowane ɗan wasa ya sanya wata roba a bakinsa.

Yaya robar take aiki?

Ku dubi gammo. Idan mace ta ɗora tulu, gammo yana raba nauyin ga kai duka. Haka robar baki take. Tana shanye wani sashe na ƙarfin bugu, ta raba sauran ga haƙora da yawa, kada ya taru kan guda.

Wace iri ce ta fi jure bugu?

Abu mai tauri ƙwarai yana miƙa bugun ga haƙori kai tsaye. Abu mai laushi ƙwarai, kamar soso, yana lotsewa nan take. Robar da aka fi amfani da ita sunanta EVA. Tana lotsawa kaɗan, sa'an nan ta koma yadda take.

Kauri ma yana da muhimmanci. Ana so ya kai milimita 3 zuwa 4 a wajen haƙoran gaba. Wadda ba ta kai haka ba, kariyarta kaɗan ce. Wadda ta wuce haka tana takura numfashi da magana.

Iri uku ne:

1. Ta kanti, wadda ake sawa yadda aka saye ta. Ba ta zama daram.
2. Wadda ake tsomawa a ruwan zafi, a cije ta. Cizo mai ƙarfi yana rage kaurinta.
3. Wadda likitan haƙori yake yi bisa awon bakin mutum. Ita ce ta fi, amma ta fi tsada.

Gargaɗi

A wanke ta da ruwan sanyi da sabulu. Kada a bar ta a rana, zafi yana lanƙwasa ta. Kada a yi aronta. In ta tsage ko ta suɗe, a sake wata.

In haƙorin babba ya fita, kada a taɓa saiwarsa. A sa shi cikin madara, a garzaya asibiti kafin awa guda. Sau da yawa likita yana iya mayar da shi.