Heparin bayan korona: allurar ta iso Arewa, awon jinin bai biyo ta ba

Tun ranar 5 ga Mayu 2023, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona, aka daina zancenta kamar ba ta bar komai ba. Ta bar wa asibitoci sabo da allurar heparin, musamman nau'inta da muka sani da Lovenox, amma ba ta bar sabo da awon jinin da ya wajaba ya bi allurar ba. Abin da ke damuna ke nan, kuma a ganina mutumin Dogon Dutsi da na Tibiri sun fi na Yamai zama cikin haɗari.

Korona mai tsanani tana daskarar da jini a huhu da ƙafafu, shi ya sa a 2020 likitoci suka dogara da heparin don tsinka shi. A watan Agusta 2021 manyan gwaje-gwaje uku, REMAP-CAP da ACTIV-4a da ATTACC, suka nuna cewa cikakken kaso ba ya ƙara ceton waɗanda ke kwance rai-kwakwai-mutu-kwakwai. Ga kuma wata illa: a jikin wasu, heparin yana manne wa sinadarin PF4 da ke fita daga plaket, ƙwayoyin da ke tsai da zubar jini. Garkuwar jiki sai ta far musu, plaket su dunƙule. Adadinsu ya faɗi da rabi ko fiye, jijiyoyi kuma su toshe. Wannan yakan faru ne tsakanin kwana 5 zuwa 10 da fara allura.

Waɗannan kwanakin su ne tushen matsalarmu. Mara lafiya daga Matankari ko Kore Mairuwa, in ciwo ya yi tsanani, Dosso ake tura shi, ko Yamai mai nisan kilomita kusan 270. Yau ba korona ce ke kai shi ba, fiɗa ce ko karaya ko haihuwa ta hanyar tiyata. Da ya samu sauƙi sai a sallame shi da takardar magani, majo, wato ma'aikacin jinya, ya ci gaba da yi masa allurar heparin a fatar ciki a ƙaramin asibitin CSI na garinsu. Kwana na bakwai a gida yake riskarsa, inda babu mai ƙirga plaket. In ma an kai shi asibitin gunduma aka yi awon ƙwayoyin jini na NFS aka ga plaket sun ragu, zazzaɓin cizon sauro za a fara zargi, kuma da hujja, domin shi ma yana rage su, balle da damina. Sai a ba da maganin zazzaɓi, allura na ci gaba. Ƙafa ta kumbura, a ce tsinkawar ce ba ta isa ba, a ƙara kaso. An zuba wa wuta fetur ke nan.

Abin da ke biyo baya mai nauyi ne: yatsun ƙafa su yi sanyi su yi baƙi har a kai ga yankewa, gudan jini ya tafi huhu, ko ɓarin jiki ya shanye. Saurin ba da maganin tsinka jini na warfarin a wannan hali yana ƙara ruɓar da ƙafa.

Akwai masu cewa wannan damuwar ƙasashen masu hali ce. Waɗanda aka tabbatar sun kamu da korona a Nijar ba su kai 10,000 ba, Lovenox bai cika haddasa illar ga ko mutum 1 cikin 100 ba, kuma zazzaɓi da tamowa sun fi kisa nesa ba kusa ba. Duk gaskiya ne. Sai dai ciwon da ba a nema ba ya shiga ƙididdiga, kuma neman wannan ba shi da tsada.

Ma'aunin 4T na likita Theodore Warkentin na Kanada, da ake auna yiwuwar wannan illa da shi, tambayoyi huɗu ne kawai: nawa plaket suka ragu, a rana ta nawa, akwai toshewa, akwai wani dalilin daban? Don haka a ƙirga plaket kafin allurar farko, a maimaita tsakanin kwana 4 zuwa 14. Asibitin da ya sallami mutum ya rubuta ranar da aka fara allurar ɓaro-ɓaro a takardarsa. Asibitin gunduma ya tanadi madadi irin fondaparinux ko rivaroxaban. Masu jinya kuwa kada su tsai da allura da kansu. In ƙafa ta kumbura ko wurin allura ya yi baƙi, su mai da mara lafiya asibiti a ranar, su gaya wa likita yana kan heparin.