Hali Zanen Dutse Ne, Ko Ɗanyen Icce?

Bahaushe yana cewa hali zanen dutse, ba mai shafewa. Shi dai wannan Bahaushen ne kuma ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana halayyar ɗan Adam sun shafe fiye da shekara ɗari suna gwaji a kan wannan saɓani, kuma abin da suka gano ya fi karkata ga karin magana na biyu. Yawancin abin da muke kira hali ɗabi'a ce da aka koya, kuma abin da ya biyo bayan aiki shi ke yanke hukuncin ko za a sake shi. A ganina wannan ilimi yana tuhumar yadda muke tarbiyya, domin mun ɗora nauyinta kusan duka a kan bulala, alhali lada da ya zo a kan kari ya fi ta gina ɗabi'a.

A shekarar 1898 wani Ba'amurke, Edward Thorndike, ya riƙa kulle kyanwa mai jin yunwa a cikin akwati, ya ajiye abinci a waje. Sai ta yi ta kartar bango har ta taɓa abin da ke buɗe ƙofa bisa kuskure. Da aka yi ta maimaitawa, lokacin da take ɗauka kafin ta fita ya riƙa raguwa. B. F. Skinner, wanda ya yi koyarwa a Jami'ar Harvard, shi ya faɗaɗa wannan aiki, ya fitar da littafinsa na farko a kai a 1938. Ɓera yake sakawa a akwati mai ɗan ƙarfen dannawa, da ya danna sai ƙwayar abinci ta faɗo. Ya lura cewa lada yana aiki ne idan ya zo nan take, jinkiri kaɗan yana rage masa ƙarfi. Ya kuma nuna cewa ba a jiran dabba ta iya aikin duka kafin a ba ta lada. Ana saka mata a kan kowane taku da ya kusanto da ita, daga juyowa zuwa matsowa zuwa taɓawa. Da wannan dabara ya koya wa tattabaru buga ƙwallon tebur.

Darasin da ya fi shafar gidajenmu ya fito ne daga aikin da Skinner ya wallafa tare da Charles Ferster a 1957. Sun gano cewa ɗabi'ar da ake saka wa lada jefi-jefi, ba tare da an san ranar samu ba, ita ce mafi wuyar kashewa. A dubi uwa da ɗanta a gaban mai shago. Yaro ya hango alawa, ya fara kuka. Uwa ta ce a'a. Ya ƙara murya, ya kwanta a ƙasa yana birgima, mutane suka fara kallo, mai shago ya ce, "Hajiya, ki saya masa mana, yaro ne." Kunya ta kama ta, ta ciro kuɗi. A ganinta sau ɗaya ta sassauta cikin sau biyar. Yaron kuwa ya koyi cewa kuka yana biya idan aka dage, kuma na birgima ya fi biya. Ita ma an koya mata wani abu, domin shirun da ta samu lada ne, gobe hannunta zai fi saurin kaiwa jaka. Wannan tarkon ne yake riƙe ɗan caca da ya ci sau ɗaya ya faɗi sau ashirin. Ranar da uwar ta yanke shawarar daina saye, kukan zai ƙaru kafin ya ragu, masana sun san da haka. Iyaye da yawa a nan suke karaya, su ce dabarar ba ta aiki, alhali alamar ta fara kamawa ke nan.

Hatta tsoro ana warware shi ta hanyar koyo taku bayan taku. A 1924 Mary Cover Jones ta yi aiki da wani yaro ɗan kimanin shekara uku da ke tsoron zomo. Ta riƙa kawo zomon daga nesa yayin da yaron ke cin abincin da yake so, kullum tana matso da shi kaɗan, har ya kai ga shafa shi. Joseph Wolpe na Afirka ta Kudu ya gina maganin tsoro na manya a kan wannan tushe a 1958.

Wani zai ce da bulala aka rene mu, ga mu nan ba mu lalace ba. Gaskiya ne bulala tana tsayar da laifi nan take, kuma wannan saurin ne ke sa mai duka ya yarda da ita. Amma tana gaya wa yaro abin da zai bari ne kawai, ba ta nuna masa abin da zai yi a madadinsa, kuma sau da yawa abin da yake koya shi ne ya duba ko malam na nan kafin ya aikata. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara bincike a kan yara fiye da 160,000, ba su sami shaidar cewa duka yana gyara ɗabi'a ba, sai ma alaƙarsa da faɗa da taurin kai. Ana iya cewa ai yaro mai taurin kai ne ya fi shan duka tun farko, kuma maganar tana da nauyi. Duk da haka, wanda ke cewa bulala magani ce shi ya kamata ya kawo hujja. Horo bai ƙare a duka ba: hana wasa na ɗan lokaci ko karɓe waya, idan an yi shi nan take kuma ba a saɓa, yana aiki.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, wato bayar da lada ai cin hanci ne, yaro zai tashi ba ya motsi sai an biya shi. Akwai gaskiya a ciki. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun yi wa yaran da dama suke son zane alkawarin kyauta idan sun zana. Bayan haka sai aka ga sha'awarsu ta ragu, ba kamar waɗanda ba a yi wa alkawari ba. Abin da wannan ya nuna shi ne kada a biya yaro kan abin da yake yi don kansa, kuma kyautar hannu don fara aiki ce kawai, a riƙa janye ta a hankali har yabo da jin daɗin iyawa su maye gurbinta. Yabon ma ya faɗi aikin da aka yi. "Na ga ka wanke kwanonka ba a sa ka ba" ya fi "yaron kirki" tasiri.

Iyaye da malamai, ku zaɓi ɗabi'a guda ɗaya da ke damun ku a wannan mako. Kafin ku ɗauki bulala, ku lura da abin da yaron yake samu duk lokacin da ya yi ta, da kuma ko akwai wanda ya tanka masa ranar da ya yi daidai.